Layi na Biyu da Sunana

Kun cika mini akwatin saƙo da tambaya guda: "Zunaira, kin amince ko ba ki amince ba?" To ga ni na zo. Sai dai ku yi haƙuri in faro muku daga harajin waya, don ba don shi ba, da yau ba ni da labarin da zan ba ku sai na kalar kayan da na saka.

Waɗanda yau suka fara shigowa, sannunku. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Multan. Akwai wani Taimur, mai shagon wayoyi da layuka a bakin kasuwar unguwarmu, wanda mahaifiyarsa ta kawo maganar neman aurena tun kafin azumi. Abbu, wato babana, ya ce magana tana hannuna, shi ba ya yi wa 'ya dole. Ammi, mamata, ita ma ba ta ce dole ba. Ita dai kullum sai ta ajiye mini shayi ta yi ajiyar zuciyar da za a ji ta daga saman bene. An tsayar da Juma'a za su zo karɓar amsa.

Ni ba ƙin Taimur nake ba, kada ku ɗaukar mini alhaki. Yana da kyau daidai gwargwado, gemu a gyare, turare mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban taɓa ganinsa ya daburce ba. Kafin ki rufe baki da tambaya amsarsa ta fito, a goge, a ninke. Na sha gaya wa kaina cewa halin 'yan kasuwa ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ranar Talata da safe Abbu ya fito da tsohuwar jakarsa ta takardu ya ɗora a teburin cin abinci, tsakanin kwanon yogot da faifan gurasa. Abbu, wanda mutanen unguwa ke kira Malik sahab, tsohon akawun kamfanin gurzar auduga ne, kuma tun da ya yi ritaya, watan Satumba ya zama masa wata ƙaramar Sallah. Rabin mutanen layinmu shi ke cike musu takardar harajin shekara, kyauta, don dai ya samu wanda zai yi wa faɗa.

"Beta, 'yata, ina takardar harajin wayarki?"

"Abbu, kuɗin nan fa ko takalmi ba za su saya ba."

"Ko allura za su saya, naki ne. Duk katin da kika saka sai sun yanki nasu kafin ki ce halo. Doka ta ce mai albashi ya nuna abin da aka yanka, a rage masa. Bara kin bar musu, bana ko kusa."

Ai kuwa baran nan har yau ba ta bar shi ba. Kamar yawancin 'yan matan gidajenmu, tun ina kwaleji layina da sunan Abbu yake, don ba a so 'ya mace ta je shago cikin maza tana dangwala yatsa. Da aka zo lissafi sai aka ce wanda sunansa ke kan layi shi kaɗai ake mayar wa. Abbu ya yi wata guda yana mita. Daga nan ya tasa mu gaba, ni da Ammi, zuwa shagon Taimur, aka mayar da layin sunana. Ranar ce ma Taimur ya fara ganina.

"Ki nemo ta yau, ki turo mini," in ji Abbu.

Ammi ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ku da harajinku. Zunaira, koren kayan nan masu aikin zare a wuya za ki sa ranar Juma'a, ko ruwan hodar? Anti Farzana, maman Taimur, ta ce kore yana karɓarki."

"Ammi, ban fa ce eh ba."

"Wa ya ce kin ce? Kaya na tambaye ki."

A makaranta, lokacin tara, na shiga manhajar kamfanin layin na nemi takardar. Tana shigowa na tura wa Abbu kai tsaye, ko buɗewa ban yi ba, don na san in na ƙara minti biyar zai kira ni a tsakiyar aji. Sai da na zauna da samosa a ɗakin malamai sannan na ce bari in ga arzikin da ake ta wannan hayaniya a kansa.

Lambobi biyu na gani a ƙarƙashin sunana da lambar katina na ɗan ƙasa. Ta farko tawa ce. Ta biyun ban taɓa ganinta ba, kuma harajin da aka yanka a kanta ya ninka nawa. Ko waye ke riƙe da wannan layi, ba gaisuwa kawai yake yi da shi ba.

Hina, ƙawata mai koyar da lissafi, ta karɓi wayar ta ƙura mata ido.

"Ke, yaushe kika yi layin saurayi ba ki gaya mini ba?"

"Wallahi ban san shi ba."

"Ba a buɗe layi sai da yatsa. A ina kika taɓa dangwalawa?"

Na ajiye samosar. Shagon nan ya dawo mini tsaf: fanka tana kaɗa ƙurar kwalaye, Abbu ya dangwala nasa ya ce zai je ya samu sallar la'asar, ya bar ni da Ammi. Na ɗora babban yatsana a kan ɗan gilashin nan mai jar wuta. Taimur ya dubi kwamfutarsa ya yi murmushi, ya ce, "Bai kama ba. Alli ya cinye muku yatsu, ku malamai. Goge ki sake." Na goge da gefen gyalena na sake. Har dariya na yi a lokacin.

Da na gaya wa Hina sai ta dafe ƙirji.

"Shi ke nan. Tsohuwar dabara ce, 'bai kama ba'. Su sayar wa 'yan damfara, a yi ɓarna da shi, 'yan sanda su zo ƙofar mai yatsa. Ko kuma," ta rage murya, "akwai wata da yake hira da ita, bai so a gani da sunansa."

"Da sunana? Ya yi hira da wata da sunana?"

"Maza fa kike magana a kai."

Na kira lambar nan take. A kashe. Na sake kira bayan an tashi, a cikin rikisha, keken hayan nan mai ƙafa uku, direba yana ta faɗa da masu babura. A kashe.

Da yamma na hau saman bene da sunan kwashe shanya, na rubuta wa Taimur.

"Salam. Tambaya gare ni. Layuka nawa ne da sunana?"

Alamar ya karanta ta fito. Yawanci kafin in sauke hannu ya amsa, amma wannan karon sai da na ninke zanin gado guda biyu.

"Wa alaikis salam, malama. Lafiya? Wani ya kira ki ne?"

"Tambayarka na yi."

"Irin wannan magana ba ta saƙo ba ce. Bari mu zo Juma'a, komai zai yi daidai. Kin ci abinci?"

Kun ji fa. Bai ce "ɗaya mana" ba. Mutumin da ba shi da abin ɓoyewa da haka zai ce, ya ƙara da dariya. Na tsaya riƙe da wayar ina kallon tantabarun maƙwabta, raina yana tafasa. Na yanke a zuciyata cewa ranar Juma'a, a gaban uwarsa da alawarta, zan ce a'a, in kuma faɗi dalili.

Laraba na kira da safe, na kira da rana, duk a kashe. Ammi kuwa ta ɗauko koren kayan ta kai guga, ta sa aka wanke labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba ma taɓawa sai babban baƙo. Duk inda na juya tana bayana.

"Yaron nan yana da zuciya, Zunaira. Ke ba ki san irin zuciyarsa ba."

"Ke ina kika san ta, Ammi?"

"Uwa tana gani."

Ranar Alhamis na dawo da wuri da ciwon kai. Abbu ya sa hularsa ya fita masallaci, Ammi ta ce za ta ɗan watsa ruwa. Na shiga kicin na ɗora shayi, ina jiran ya tafasa, hannuna ya sake danna lambar, don ya riga ya saba. Sai na ji ta shiga.

Na manna wayar a kunne ina shirya abin da zan ce idan muryar mace ta ɗauka. Can sai na lura da wani gurnani ƙasa-ƙasa, ba daga kunnena ba, daga bayana. Na waiwaya. Babbar garwar shinkafarmu ce, wadda ke ƙarƙashin kanta, take rawa a hankali.

Na buɗe murfin na tura hannu har gwiwar hannu. Na zaro wata 'yar waya baƙa a naɗe cikin leda, fuskarta tana haske da lambata. Ba suna a jiki. Da na katse, hoton da ke kan fuskar ya bayyana: wani yaro ɗan kamar shekara biyu, da kwalli a ido, yana dariya da haƙora huɗu. Goshinsa na Abbu ne sak.

"Ajiye."

Ammi ce a bakin ƙofa, gashinta a jiƙe, ko gyale ba ta yafa ba.

A nan dole in gaya muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba. Ina da yaya, Baji Sobia. Shekara huɗu ke nan da ta auri wani abokin aikinta, auren kotu, ba da yardar Abbu ba, suka tafi Karachi. Ranar da labarin ya iso, Abbu ya tara 'yan uwansa a falon nan, ya rantse a gabansu cewa ba shi da 'ya mai wannan suna, kuma ranar da Ammi ta yi magana da ita, ta haɗa kayanta ta bi ta. Abbu ba ya rantsuwa ya janye. Tun daga ranar ko sunanta ba a kira a gidanmu, har ni na koyi cewa ni kaɗai ce idan an tambaya.

"Ammi, ɗan Baji ne?"

Ta zauna a kan 'yar kujerar tsugunno, ta karɓi wayar ta goge ƙurar shinkafar da tafin hannu.

"Sunansa Arham. Ya fara cewa Nani." Nani, wato kaka ta wajen uwa. "Kullum in babanku ya fita la'asar nake kunnawa. Minti goma, in gan shi, in kashe. Yau na kunna, ganin kina gida na mayar ban kashe ba."

Shayin ya tafaso ya zube a kan murhu. Ba wadda ta motsa a cikinmu. Ni kaina hawaye nake, don na yi kewar Baji fiye da yadda na yarda na faɗa wa kaina, kuma ban ma san ta haihu ba. Amma ƙarƙashin kukan akwai wani abu da ya ƙi narkewa.

"Me ya sa da sunana?"

"Babanki yana duba layukan da ke kan katinsa da nawa, duk wata. Naki ne bai taɓa dubawa ba."

"Sai kika ce wa Taimur ya saci yatsana."

"Ba sata ba ce! Ni uwarki ce. Na je shagon kwana biyu kafin mu je tare, na ce ya sayar mini da layi ba suna, ya ce ba ya yiwuwa. Na fashe masa da kuka a gaban kanta, Allah ya gani ban yi niyya ba. Shi ya ce in kwantar da hankalina, akwai hanya."

"Shi ya kawo dabarar?"

"Ya taimake ni."

"Waye ke saka katin?"

Ta hau murza bakin ledar.

"Ammi."

"Shi. Duk wata. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce ai ni ma uwarsa ce."

Na kashe murhun. Na jawo wata kujerar na zauna daf da ita, har gwiwoyinmu suna taɓa juna, na tambaye ta abin da tun ɗazu nake tsoron tambaya.

"Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Don yana da kirki kike so in aure shi, ko don ya san wannan?"

"Bai taɓa yi mini barazana ba."

"Ba ita na tambaya ba."

"Ko sau ɗaya bai taɓa ba. Sai dai in na je wucewa ya ce, 'Anti, ya jikanki?' Shi ke nan."

"A gaban mutane?"

"A hankali yake faɗa."

Ku gaya mini, 'yan uwa, wannan gaisuwa ce ko tuni? Na juya ta ta kowane gefe, kowane gefe ya zauna. Mutumin da ya ga tsohuwa tana kuka ya tausaya mata, haka zai yi. Mutumin da ya ga yarinya a shagonsa ya so ya riƙe uwarta a tafin hannu kafin ya aiko neman aure, shi ma haka zai yi.

Sai a lokacin takardar ta faɗo mini. Na miƙe zumbur.

"Ammi, na tura wa Abbu. Lambar tana jiki."

Jinin fuskarta ya ɗauke. "Ya gani?"

"Da ya gani da mun ji."

Abbu ba ya karanta ƙananan rubutu a waya, sai an buga masa a takarda. Da ya dawo na kai masa shayi da biskit, na zauna kusa da shi ina wasa da gefen gyalena.

"Abbu, ba ni wayarka in goge takardar nan. Akwai kuskure a ciki, zan nemo wata."

"Kwamfutar kamfani ba ta kuskure, mutane ke yi. Na riga na tura wa mai buga takardu na kusa da masallaci. Injinsa ne ya lalace, ya ce gobe bayan Juma'a in karɓa."

"To bari ni in karɓo maka."

"Gobe? Da baƙi a hanya? Ki zauna ki taya uwarki."

Ranar Juma'a na sa koren kayan, ba don Anti Farzana ba, sai don ba ni da ƙarfin gardama. Ammi ta sa mini 'yan kunnen aurenta, sai da ta yi ta lalube kafin ta samu hujin. Wayar ta kashe ta, ta cusa can ƙasan garwar. Gida ya ɗauki ƙamshin biryani da soyayyar albasa. Ni kuwa na shirya maganata: zan ce ina buƙatar ƙarin lokaci, ba tare da na faɗi dalili ba. Ba zan iya cewa eh ga mutumin da ya yi amfani da yatsana yana yi mini murmushi ba, ko da niyyarsa fara ce tas.

Suka iso bayan sallah. Anti Farzana, mahaifiyar Taimur, mace mai jiki da awarwaro har gwiwar hannu, ta shigo da katon kwalin alawar sohan ta ajiye a tsakiyar tebur ba ta buɗe ba. Ba a buɗewa sai an ce eh. Taimur yana bayanta cikin fararen kaya da baƙar falmaran, ya gaida Ammi da hannu a ƙirji. Ni ko kallona bai yi ba, kamar yadda ya dace.

Abbu ya shigo a ƙarshe, yana fara'a, da takarda a ninke a aljihun gaba. Na yi ta addu'a ya manta da ita. Aka sha shayi, aka yi maganar zafi, aka zagi masu ɗauke wuta. Sai Anti Farzana ta ce, "Masha Allah, ga ilimi ga natsuwa," shi kuwa Abbu yabo ya hau masa kai.

"Ba ilimi kaɗai ba, Farzana bahan, 'yar uwa. 'Yata tana cikin masu biyan haraji da sunanta. Ko na waya ba ma bar musu. Bari ki gani."

Ya zaro takardar. Ya ɗora tabarau a kan hanci. Na ga idonsa ya bi layin farko, ya sauka na biyu, ya koma sama, ya sake saukowa. Ammi tana tsaye da tiren samosa a bakin labule.

"Wannan lambar ta waye?"

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Zunaira, layi biyu gare ki?"

Kafin in haɗa kalma, Abbu ya buga takardar da bayan hannu.

"An saci yatsan 'yata. Irin abin da ake faɗa a labarai ke nan. Gobe da sassafe zan je ofishin kamfanin nan, su fito mini da duk lambar da aka taɓa kira da layin nan, daga can sai wurin 'yan sanda." Ya juya a hankali ya cire tabarau. "Taimur beta, ɗana. A shagonka kaɗai ta taɓa dangwalawa."

Na saci kallon Ammi. Duk lambar da aka taɓa kira. Lamba ɗaya ce tak, kuma ta Karachi ce.

Taimur ya ajiye kofinsa a kan faranti ba tare da ya yi ƙara ba. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa.

"Malik sahab, laifina ne, kuma na ji kunya. Ba wanda ya saci komai. Ni na buɗe layin, da saninta. Tun ranar da kuka zo shago na ji ba ni da sukuni, ban kuma so lambata ta riƙa fitowa a wayar da ka sani kafin manya su shiga maganar. Da shi muke gaisawa. Ni ke saka katin, shi ya sa ka ga harajin da yawa. In akwai hukunci, ni za a yi wa, ita ba ruwanta."

Wallahi ko numfashinsa bai canja ba. Muryarsa ta ɗan yi rawa daidai inda ya kamata, a kan "na ji kunya", ta kuma daidaita daidai inda ya kamata. Da ban tura hannuna cikin garwar shinkafa jiya ba, da ni kaina na yarda muna hira a ɓoye tun bara.

Anti Farzana ta tafa hannu, awarwaro suka amsa.

"Kai, yaran zamani! Ashe sun gama magana tun tuni, mu suke wahalarwa da zirga-zirga!"

Abbu bai yi dariya ba. Ya dube ni, irin kallon da rabona da shi tun ranar da ya tara 'yan uwansa a falon nan.

"Zunaira. Ban tambaye shi ba, ke nake tambaya. Da saninki?"

Na ɗaga ido na ga Ammi. Ba ta roƙe ni da baki ba, ba ta ma girgiza kai ba. Ta dai rungume tiren a ƙirji, mai yana ɗiga a gaban rigarta ba ta sani ba. In na ce a'a, gobe Abbu yana ofishin kamfani, jibi Ammi tana tashar jirgin ƙasa da akwati, bayan shekara talatin a gidan nan. In na ce eh, na zama 'yar da ta yi shekara tana hira da namiji a bayan idon ubanta, kuma ba ni da sauran bakin cewa ina buƙatar lokaci.

"Da sanina, Abbu."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ninke takardar gida huɗu, a hankali, ya mayar aljihu.

"Na ce miki magana tana hannunki. Da kin zo kin gaya mini." Ya juya ga Anti Farzana, muryarsa ba daɗi ba ɗaci. "Tunda abin ya kai nan, ba sauran tambaya. Ku sa rana, kada ta yi nisa."

"Mubarak! Mubarak!"

Anti Farzana ta yage kwalin, ta gutsuro alawa ta tura mini a baki da yatsunta masu ƙamshin turare. Ta rungume ni har 'yan kunnen suka soke ni a wuya. Ammi ta ajiye tiren ta fashe da kuka, kowa ya ɗauka na murna ne. Na yi ta tauna alawar nan, ta manne mini a dasashi ta ƙi wucewa.

Da suka tashi tafiya Taimur ya durƙusa ya gaida Abbu, Abbu ya dafa kansa da yatsu biyu kawai. Na shige ɗakina na jingina da ƙofa, ko gyalen ban cire ba. Ina jin motarsu tana ƙoƙarin juyawa a lungu sai wayata ta yi ƙara. Saƙon Taimur ne.

"Kin yi ƙoƙari sosai. Ban san kin iya haka ba."

Ina cikin karantawa wani ya sake shigowa.

"Ki ce wa Anti ta kwantar da hankalinta. Muddin muna tare, ba mai ji daga bakina."

Na karanta shi a tsaye, na zauna a bakin gado na sake karantawa. Har yanzu da nake rubuta muku ban amsa ba, kuma sama da sunansa alamar tana nuna yana nan, yana jira.